Wane Ne Ma'asumi? Sharhi Kan Kalmar da Aka Fi Sani da Korewa

A wata fadar shan shayi a unguwar Bagalam da ke Maradi, bayan sallar isha'i, wani saurayi ɗan kabu-kabu ya ɗora salularsa kan benci ya saki wata murya da aka turo masa ta WhatsApp. Wani malami ne yake warware fatawar wani malami, da zafi-zafinsa. Kafin muryar ta ƙare, fada ta rabu biyu. Masu ƙaunar malamin da ake suka suka ce wane ne wannan da zai gyara wa Malam karatu. Ɗaya ɓangaren suka ce ai Malam ba ma'asumi ba ne. Mai dafa shayin, yana juya kumfa daga wannan kofi zuwa wancan, ya so ya kashe gardamar, ya ce Allah ne kaɗai ma'asumi. Kowa ya gyaɗa kai. Sai wani dattijo tela da ke zaune gefe, wanda ya yi karatun zaure a ƙuruciyarsa, ya ce, "Yaro, sake wannan magana. Wa ya tsare Allah?" Mai shayi ya ce, "Baba, ban gane ba." Dattijon ya ce, "To ka ga matsalar ke nan."

Kalmar ma'asumi tana cikin kalmomin da Bahaushe ya fi sani da korewa. Da wuya ka ji an ce wane ma'asumi ne. Abin da ake ji kullum shi ne wane ba ma'asumi ba ne: a bakin ɗan siyasa yana neman afuwa, a bakin ma'ajin ƙungiya da lissafi bai cika ba, a bakin almajiri yana kare malaminsa ko yana sukar na wasu. Da yake kundin sake fasalin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, irin waɗannan manyan kalmomi sun ƙara samun nauyi. Masu fassara a gidajen rediyo da ofisoshi suna lalube a cikinsu don su juya takardun hukuma, kuma ma'asumi na cikin waɗanda ake ɗora wa kayan da ba nasu ba.

Igiya, dutse da wuyan hannu

Kalmar daga Larabci take, daga tushe mai baƙaƙe uku: ain, sad da mim. Ma'anar tushen ita ce riƙewa da hanawa. Larabawan dauri suna kiran igiyar da ake ɗaure salkar ruwa da ita isam. Wuyan hannu, inda awarwaro ke zama, shi ne mi'isam. A Larabcin yau babban birnin ƙasa shi ne asima, wato wurin fakewa, don haka Yamai ita ce asimar Nijar.

Wannan tushe ya zo sau 13 a cikin Alƙur'ani, kuma a duk wuraren ma'anarsa ba ta fita daga tsarewa da riƙo ba. Ɗan Annabi Nuhu ya ce zai fake a kan dutse ya tsare shi daga ruwa, mahaifinsa ya amsa masa cewa yau babu mai tsarewa daga umarnin Allah. Wannan yana cikin suratu Hud, aya ta 43. A suratul Ma'ida, aya ta 67, an ce wa Manzon Allah (SAW) Allah zai tsare shi daga mutane. Ayar nan da masu wa'azin haɗin kai ba sa gajiya da jawowa, ta yin riƙo da igiyar Allah gaba ɗaya, a Ali Imrana aya ta 103, ita ma daga tushen take. Amma siffar ma'asum ɗin kanta ba ta zo a Alƙur'ani ko sau ɗaya ba. A hadisi aka same ta, a cikin wanda Buhari ya ruwaito game da mashawarta biyu da kowane shugaba ke da su, mai tura shi ga alheri da mai tura shi ga sharri, inda aka rufe da cewa ma'asumi shi ne wanda Allah Ya tsare.

Ginin kalmar ma yana faɗin haka. Ƙirarta ɗaya da mahaluƙi, wanda aka halitta, da mashahuri, wanda aka sani. Abu ne da aka yi wa mutum. In za a juya ta Hausa tsantsa, tsararre ko kiyayayye za a ce.

Fiƙihu ya ɗauki kalmar ya kai ta wasu wurare da mutane ba sa zato. Abin da Bahaushe ke kira igiyar aure, a littattafan Malikiyya isma sunansa. Ana cewa mace tana cikin ismar mijinta matuƙar igiyar ba ta tsinke ba, kuma asalin wannan amfani yana suratul Mumtahana, aya ta 10. Haka nan akwai ma'asumin jini, wato duk wanda shari'a ta haramta a taɓa ransa, Musulmi ne ko wanda ba Musulmi ba da ke zaune da amana. Da wannan ma'ana, mashayin giya ma ma'asumi ne, don shan da yake yi bai halatta jininsa ba. Sai kuma a kula da wata maƙwabciya mai ruɗa kunne: ma'asi, wato saɓo. Sautinsu ya yi kusa, tushensu daban, ma'anarsu kuwa gabas da yamma.

Abin da dattijon yake nufi

Tun da ma'asumi wanda aka tsare ne, dole akwai mai tsarewa a samansa. Shi ya sa malamai da yawa suke gyara wa masu cewa Allah ne kaɗai ma'asumi. Niyyar mai faɗin haka mai kyau ce, yana nufin Allah ba Ya kuskure, amma lafazin ya juya maganar. Allah shi ne Mai tsarewa. Kalmar da ta dace da abin da ake son faɗi ita ce kamala, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin ta: kamala ta Allah ce, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Bambancin yana da amfani a nan gaba. Kamala cika ce da babu tawaya a cikinta ta kowace fuska, ba ta farawa, ba ta ƙarewa. Isma kuwa kariya ce da aka yi wa wani bawa, daga wasu abubuwa ƙayyadaddu, don wata manufa. Annabi yana jin yunwa, yana rashin lafiya, yana barci, yana shiga kasuwa, yana rasuwa. Duk wannan bai taɓa ismarsa ba.

Iyakar isma a wurin malaman tauhidi

Wanda ya zauna a zauren malami a Maradi ko Tsibiri ya karanta ƙananan littattafan tauhidi ya san siffofin da suka wajaba ga manzanni: gaskiya, amana da isar da saƙo, kamar yadda Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya tsara su, daga baya wasu suka ƙara kaifin basira. Isma tana zaune ne a ƙarƙashin amana. Littafin Ashafa na Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, wanda ake karantawa a masallatai da gidajen malamai musamman cikin azumi, ya ware babban kashi guda a kan wannan batu kaɗai.

Akwai abin da Ahlus Sunna suka haɗu a kansa. Annabawa tsararru ne daga kafirci, daga ƙarya, daga ɓoye ko canza abin da aka aiko su da shi, da kuma manyan zunubai. Dalilin a bayyane yake: in mai kawo saƙo zai iya ƙari ko ragi, saƙon gaba ɗaya ya zama abin shakka.

Inda aka yi saɓani shi ne ƙananan laifuffuka. Wasu malamai, cikinsu har da Ɗabari mai tafsiri, sun ce suna iya aukuwa, sai dai ba a barin annabi a kansu. Nan take wahayi yake gyarawa, shi kuma ya tuba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ce wannan ne ra'ayin mafi yawan magabata. Alƙali Iyal da malaman Ash'ariyya na baya sun karkata ga cewa ko ƙananan ma an tsare su daga gare su. Ayoyin da ake jayayya a kansu sanannu ne: cin itaciyar da Annabi Adamu ya yi, fitar Annabi Yunusa daga cikin mutanensa, da farkon suratu Abasa game da makahon sahabi Ibn Ummi Maktum. Ɓangaren farko suna ɗaukar ayoyin a kan zahirinsu, su ce tubar ita kanta ɗaukaka ce. Ɓangare na biyu suna cewa mantuwa ce, ko barin abin da ya fi, wanda a wurin wani ba laifi ba ne amma a matsayin annabi ya isa a yi masa magana. Duka ɓangarorin biyu suna ganin girmama annabawa suke yi, kuma babu wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga Sunna a kan wannan.

Mantuwa a cikin aiki kuwa, hujjarta tana cikin sallar kowa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa sallame sallar rana a raka'a biyu. Mutane suka yi shiru don kwarjini, har da Abubakar da Umar, sai wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ya tambaya, "An rage salla ne ko mantuwa ka yi, ya Manzon Allah?" Da aka tabbatar masa, ya cika abin da ya rage, ya yi sujada biyu. Ƙabli da ba'adi da yara ke haddacewa a cikin Ahalari daga irin wannan suka samo tushe. Malamai suka ce hikimar mantuwar ita ce a koya wa al'umma yadda ake gyara.

Sai sha'anin duniya. Muslim ya ruwaito cewa ya ga mutanen Madina suna ɗaukar furen namijin dabino suna sa wa mace, ya nuna cewa ko ba su yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabino bai yi albarka ba a shekarar. Da suka gaya masa, ya ce su ne mafi sanin al'amarin duniyarsu. Manomin gero a Gulbi zai fahimci wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wata tambaya da ɗalibai kan yi: in an tsare mutum daga saɓo, ina ladarsa? An ruwaito daga Imam Maturidi cewa isma ba ta ɗauke jarrabawa. Annabi Yusuf ya ga fitina ido da ido, kuma lafazin da Alƙur'ani ya yi amfani da shi a kansa a aya ta 32 ta surarsa, daga wannan tushe, yana nufin ya nemi tsari ya kame kansa. Akwai taimakon Allah, akwai kuma zaɓin bawa.

Shi'a, ɗariƙu da Izala

Maradi gari ne da kusan kowace fahimta ke da masallacinta, kuma duk abin da aka tattauna a Katsina ko Kano da safe, kafin yamma ya ƙetaro iyakar Ɗan Isa. Don haka ya kamata a ji kowa daga bakinsa.

Shi'a masu imamai goma sha biyu su ne suka fi faɗaɗa isma. A wurinsu ma'asumai 14 ne: Annabi (SAW), ƴarsa Nana Faɗima, da imamai 12 tun daga Sayyidina Ali. Mafi yawan malamansu suna kore ƙaramin laifi da babba, har da mantuwa. Hujjarsu ta hankali ita ce imami shi ne mai tsare shari'a bayan Annabi, in kuwa zai iya kuskure to yana bukatar mai gyara masa, shi ma mai gyaran yana bukatar wani, abin ba zai tsaya ba. Ta nassi kuma suna kafa hujja da ayar tsarkake mutanen gida a suratul Ahzab, aya ta 33, da hadisin mayafi. Ahlus Sunna sun yarda da hadisin, yana cikin Muslim, amma suna ganin falala yake nunawa da addu'a, kuma ayar ta zo a tsakiyar magana da matan Annabi, don haka su ma suna ciki, alhali babu mai cewa su ma'asumai ne. Abin da ba a cika faɗa ba a wurin muhawara shi ne, a aƙidar Shi'a imami na goma sha biyu ya faku daga idon mutane tun shekara ta 874, kuma manyan malaman da ake bi a Najaf ko Ƙum ba a ɗauke su ma'asumai ba. Masu ijtihadi ne, suna dacewa suna kuskure.

Ƴan ɗariƙa suna da kalma ta daban ga waliyyai: mahfuzi. Imam Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, ya rubuta cewa sharaɗin waliyyi ya zama mahfuzi kamar yadda sharaɗin annabi ya zama ma'asumi. Bambancin shi ne saɓo ba ya yiwuwa ga annabi, ga waliyyi kuwa yana yiwuwa, sai dai Allah Yana kiyaye shi daga dogewa a kai. Wannan ya shafi duk wanda ake kira waliyyi, har da waliyyai 99 da ake ziyartar kaburburansu a kewayen tafkin Madarunfa. Tijjanawa suna yawan kawo maganar da ake dangantawa ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, cewa duk abin da aka ji daga gare shi a auna shi da ma'aunin shari'a, wanda ya dace a ɗauka, wanda ya saɓa a bari.

Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta kuma shigo Maradi ta hannun ƴan kasuwa da masu wa'azi, ta gina kiranta ne a kan cewa ba a bin kowa ido rufe. Maganar da aka fi ji a bakinsu ita ce wadda ake dangantawa ga Imam Malik, cewa kowa ana ɗaukar maganarsa ana kuma mayar masa, ban da mai wannan kabari, yana nuna kabarin Annabi (SAW). Sukar da suke yi wa ɗariƙu ita ce, ko da ba a kira shehi ma'asumi da baki ba, ladabin da ake koya wa muridi, na ya zama kamar gawa a hannun mai wanka, ya mayar da shi haka a aikace. Ƴan ɗariƙa suna amsawa cewa wannan ladabin tarbiyya ne, kamar na majinyaci a gaban likita, bai shiga aƙida ba. Suna kuma mayar da martani cewa mabiya Izala ma ba sa jure a taɓa nasu malaman, kuma rabe-raben da suka auku a cikin ƙungiyar sun bi sunayen mutane ne.

In aka tattara waɗannan maganganu, wani abu yana fitowa fili. A rubuce, babu fahimta ko ɗaya a cikin garin da ta yarda cewa akwai ma'asumi mai rai da za ka iya yin kiciɓis da shi a babbar kasuwa. Rigimar da ake yi a fada da WhatsApp a kan ɗabi'ar mabiya take, kuma wannan ɗabi'a ba ta san ƙungiya ba.

Akwai isma guda da Ahlus Sunna suka yarda ta wanzu bayan annabawa, ita ce ta al'umma a dunƙule, bisa hadisin da ke cewa al'umma ba ta haɗuwa a kan ɓata. A kansa aka gina hujjar ijma'i. Kariyar ta jimla ce, ba ta sauka a kan mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, ko da yake kowace ƙungiya tana son a ɗauka ita ce jimlar.

Kalmomi uku na Faransanci da ake cusawa a buhu ɗaya

Wanda ya yi lakol ya san cewa Faransanci ya raba abin da Bahaushe ke haɗawa. Akwai infaillible, wanda ba ya kuskure. Akwai impeccable, wanda asalinsa yana nufin marar zunubi, ko da yake yau har wanki in ya fita ana kiran sa haka. Sai indéfectible, wadda ta fi su ƙarancin amfani a hira amma ta cika takardun goyon baya. Kusan duk sanarwar da wata ƙungiya za ta karanta a gaban gwamna, a kowane mulki, sai ka ji soutien indéfectible a cikinta. Asalinta daga wata kalmar Latin ce mai nufin gazawa ko yankewa, don haka abin da take nufi shi ne abin da ba ya gazawa, ba ya ƙarewa, ba ya juya baya. Masu fassara a rediyo kan ce goyon baya ɗari bisa ɗari, wanda ya kama yawa ya saki dorewa. Ba gudu ba ja da baya, ko marar yankewa, ya fi kusa. Ma'asumi dai ba ta shiga nan ko kaɗan, don ana iya dogewa a kan kuskure har abada.

Cocin Katolika, wanda Maradi ta zama mazaunin bishop ɗinsa tun 2001, yana amfani da kalmomin uku a wurare daban-daban, kuma misalinsu yana taimakawa. Babban taron Vatican na farko, a 1870, ya zartar cewa Fafaroma ba ya kuskure, amma da sharuɗɗa masu tsauri: sai in yana magana a matsayin makiyayin dukan Kiristoci, a kan aƙida ko ɗabi'a, yana yanke hukuncin da ya hau kan cocin gaba ɗaya. Tun daga lokacin, misalin da kowa ya yarda an yi amfani da wannan iko shi ne na 1950, kan ɗauke Maryamu zuwa sama. Ba su ce Fafaroma ba ya zunubi ba; shi ma yana zuwa furta zunubansa gaban wani limamin coci. Ita kuwa kalmar rashin gazawa, cocin kansa suke siffantawa da ita, ma'ana zai wanzu har ƙarshen duniya ko da shugabanninsa sun yi ɓarna. Majami'un Furotesta, waɗanda suke da tsohon tarihi a yankin Maradi da Tsibiri, ba su yarda da rashin kuskuren Fafaroma ba, suna cewa Littafi ne kaɗai ma'auni. Mai karatun hadisi zai ga kama, ba tare da an ce abu ɗaya ne ba, tsakanin waccan wanzuwa da hadisin da ke cewa wata jama'a daga al'umma ba za ta gushe a kan gaskiya ba.

Rigar kariya ta ƴan majalisa da shugabanni ma wani abu ne daban. Ita doka ce ta jinkirta gurfanar da mutum, ana kuma iya tuɓe ta. Ba ta ce bai yi laifi ba.

Inda abin ya taɓa talaka

Wuri na farko shi ne gaban alƙali. Ɗaukaka ƙara ta samu ne don an san mai hukunci yana kuskure. Manzon Allah (SAW) da kansa ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani yana iya fin wani iya tsara hujja, ya yanke masa bisa abin da ya ji, kuma duk wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yankin wuta aka yankar masa. Mai ƙarar gona ko gado da yake ganin neman a sake duba hukunci raini ne ga alƙali ko ga sarki, yana barin haƙƙinsa ne a kan fahimtar da shari'a ba ta ɗora masa ba. Halifa Abubakar a huɗubarsa ta farko cewa ya yi in ya kyautata a taimake shi, in ya karkace a miƙe shi.

Na biyu shi ne tsakanin malami da mabiyansa, kuma Maradi ta taɓa ganin tsadar wannan. A watan Yunin 2019, lokacin da ake muhawara kan dokar tsara harkokin ibada, an kama wani limami a garin bayan ya soki dokar a huɗuba. Magoya baya suka fito tituna, aka ƙona tayoyi, aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya. Daga baya kafofin labarai suka ruwaito limamin yana kiran a daina tarzoma, yana cewa waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka jefa shi cikin kuskure. Shi ya janye maganarsa cikin kwana biyu. Ginin da ya ƙone kuwa ya riga ya ƙone. Mabiyin da ya san malaminsa yana iya kuskure yakan tsaya ya tambayi wa ya karanta takardar, da wane harshe.

Kishiyar wannan ita ma tana nan. Ana kama malami da tuntuɓen harshe na daƙiƙa talatin, a yanko shi a yaɗa, a ce duk karatunsa na shekara talatin ya rushe. Mai yin haka shi ma isma yake nema a wurin malamin, ya rasa, ya yi fushi. Doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Malaman usulu sun raba tsakanin kuskuren mai ijtihadi, wanda hadisi ya ce yana da lada ɗaya, da son zuciyar wanda ya ga hujja ya kau da kai.

Na uku, wanda ya fi yawa a rayuwar yau da kullum, shi ne mayar da kalmar mafaka. Uwar adashi ta taɓa kuɗin zubi, ma'ajin ƙungiyar ƴan kasuwa ya kasa kawo jaka ɗari biyu da ke hannunsa, sai a ji, "Ku yi haƙuri, ni ba ma'asumi ba ne." Maganar gaskiya ce, amma ba ita aka tambaya ba. Fiƙihu ya raba kuskure da mantuwa da ganganci ta fuskar zunubi, bai raba su ta fuskar biya ba. Ƙa'idar malamai ita ce ganganci da kuskure a dukiyar mutane ɗaya suke. Kisan kuskure ma, wanda babu ƙisasi a cikinsa, suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora masa diyya da kaffara.

Dattijon telan nan na Bagalam ya san wannan daga sana'arsa. A mazhabar Malik, masu sana'ar hannu suna lamunin kayan da aka bar musu suka kaɗaita da su, kuma Risala ta faɗi haka ƙarara. In aka kawo masa shadda ana saura kwana uku salla, almakashi ya zarce ya ɓata wuyan riga, zai iya rantsuwa cewa ba da gangan ba ne, mai kaya kuma ya yarda da rantsuwarsa. Kuɗin shaddar dai yana kansa, sai in mai ita ya ce ya yafe.